RAHOTON MUSAMMAN: Zauren da ba a tambayar matakin albashi: Yadda mashaya ke taimakon juna su rabu da giya

Duk wanda ya san Abuja ya san abin da ƙarfe huɗu na yamma ke nufi. Ƙofofin Sakatariyar Tarayya na amayar da ma'aikata, motocin haya na cika suna batsewa, hanyar Nyanya zuwa Mararaba ta tsaya cik, ta Kubwa da ta Lugbe ma ba a magana. A daidai wannan lokaci ne wasu kan yanke shawarar su ɗan raɓe a ɗaya daga cikin lambunan shaƙatawa na Wuse ko Garki, wai kafin hanya ta buɗe.

A ɗauki misalin ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa babban birnin, iyalinsa na Kano ko Jos ko Yola, ba ya ganin su sai ƙarshen wata. Ba wanda ke jiran sa a ɗakin da ya kama haya. Kwalba ɗaya ce da farko, don a kashe lokaci. Bayan shekara biyu hanya kan buɗe ta sake rufewa bai tashi daga kujerar ba. Da safe sai ciwon kai da rawar hannu, sai makara, sai fayil ya kwana uku a kan teburinsa bai duba ba. Albashi kan ƙare kafin goma ga wata. Ya yi rantsuwa ya bari sau ba adadi, wani lokaci har ya yi azumin watan Ramadan ko kwanakin azumin Kirista cur bai kurɓa ba, amma da an kwana biyu sai ya koma ruwa.

Irin wannan mutum yakan ɗauka shi kaɗai ne a duniya. Alhali kuwa yau shekara casa'in ke nan da masu irin wannan lalura suka gano cewa wanda ya fi fahimtar mashayi shi ne ɗan'uwansa mashayin da ya daina, suka kuma kafa zaurukan da suke haɗuwa don su riƙe juna. Wannan rahoto ya duba yadda zaurukan ke aiki, da yadda ma'aikaci zai same su ba tare da ya tona wa kansa asiri ba.

Girman matsalar

A rahoton da ta fitar a 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ce sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, kuma kimanin mutum miliyan 400 ne ke fama da larurar da ta shafi shan ta, miliyan 209 daga cikinsu jikinsu ya riga ya kamu har ba sa iya zama babu ita. A nan gida, hukumar NAFDAC ta sanar a watan Fabrairun 2024 cewa ta fara aiwatar da haramcin sayar da barasa a leda da ƙananan kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, saboda arharta da sauƙin ɓoye ta a aljihu.

Ga ma'aikacin gwamnati kuwa akwai ƙarin abin fargaba. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun lissafa buguwa cikin laifukan rashin ɗa'a, haka ma yawan makara. Mai taimaka wa ɗan majalisa ko minista ma lamarinsa ya fi tsanani, domin shi ba a buƙatar takardar tuhuma ko kwamitin ladabtarwa, kalma ɗaya daga maigida ta isa ta raba shi da abincinsa. Wannan tsoro ne ke sa mutane da yawa su gwammace su ɓoye, ga kuma kunyar da al'ada da addini suka ɗora wa shan giya, musamman ga ɗan Arewa. Sai dai Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Likitoci na da tambayoyi huɗu masu sauƙi da wani likitan Amurka, John Ewing, ya tsara, waɗanda mutum zai iya yi wa kansa a ɗakinsa. Ka taɓa jin ya kamata ka rage sha? Ranka na ɓaci idan aka yi maka maganar shan ka? Ka taɓa jin nadama ko ganin laifin kanka saboda shi? Ka taɓa buƙatar kurɓa da sassafe kafin jikinka ya saki? Wanda ya amsa da "e" sau biyu ko fiye, lokaci ya yi da zai nemi ma'aikacin lafiya.

Yadda abin ya samo asali

A watan Mayun 1935 wani dillalin hannun jari daga New York mai suna Bill Wilson ya je birnin Akron na jihar Ohio a Amurka don wata harkar kasuwanci, harkar kuma ta watse. Wata biyar ke nan rabonsa da giya, ga shi shi kaɗai a otal, aljihu ba nauyi, ga mashaya a ƙarshen zauren otal ɗin. Da ya ji zuciyarsa na jan sa, sai ya shiga buga waya yana neman a haɗa shi da wani mashayi da zai yi magana da shi, domin ya lura cewa duk lokacin da yake ƙoƙarin taimakon wani, shi kansa ba ya sha. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da sana'arsa. Likitan ya ce minti goma sha biyar kawai zai iya bayarwa, amma sai da suka shafe sa'o'i suna tattaunawa. Ranar 10 ga Yunin 1935, wadda aka ce ita ce ranar da likitan ya yi kurɓar ƙarshe, ita ake ɗauka ranar kafuwar ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato ƙungiyar mashaya masu sakaya suna, wadda aka fi sani da AA.

A 1939 suka wallafa littafin da ya ƙunshi matakai goma sha biyu na murmurewa, wanda a yau aka fassara shi zuwa harsuna sama da 70. Ƙungiyar ta ce tana da rassa a ƙasashe kimanin 180 da mambobi kusan miliyan biyu. Daga gare ta ne aka samu Al-Anon a 1951, domin matan mashaya da mazajensu da 'ya'yansu, sai Narcotics Anonymous a 1953 domin masu fama da sauran ƙwayoyi.

Abin da ake yi a cikin zauren

Wanda bai taɓa zuwa ba yakan zaci zai tarar da wa'azi ko tuhuma. Abin da zai tarar shi ne kujeru a jere ko a kewaye, wataƙila da butar shayi a gefe, da mutanen da ba wanda zai tambaye shi ma'aikatar da yake ko matakin albashinsa. Darakta da direba kujera iri ɗaya suke zama. Zaman kan ɗauki kimanin sa'a ɗaya. Wanda ke jagorantar zaman shi ma mashayi ne da ya daina, kuma jagorancin karɓa-karɓa ne, ba sarauta ba.

Akan buɗe da ɗan karatu daga littattafan ƙungiyar, sannan wanda ya so ya faɗi sunansa na farko kawai, ya ba da labarin halin da ya shiga, da abin da ya faru, da inda yake a yau. Al'adar mafi yawan zaurukan ita ce ba a katse mai magana, ba a yi masa gyara, ba a kuma ba shi shawara a bainar jama'a. Kowa labarin kansa yake bayarwa. Baƙo na da damar ya yi shiru daga farko har ƙarshe, ba mai tilasta masa.

Sharaɗin shiga guda ɗaya ne: mutum ya kasance yana son ya daina sha. Ba fom, ba rajista, ba kuɗin shiga. Akan zagaya da ɗan kwando don biyan hayar ɗaki da kuɗin shayi, wanda ba shi da shi ya miƙa gaba. Ƙa'idar ƙungiyar ma ta hana ta karɓar tallafi daga waje, ko daga gwamnati ko daga attajiri.

Zama iri biyu ne. Akwai na kowa da kowa, wanda ɗan'uwa ko matar aure ko ma'aikacin lafiya zai iya halarta ya saurara. Akwai kuma na 'yan gida, wanda sai mai fama da matsalar ne kawai ke shiga. A wasu wurare akwai zama na mata zalla.

Bayan 'yan makonni akan shawarci sabon zuwa ya zaɓi jagora daga cikin waɗanda suka daɗe da dainawa, namiji ga namiji, mace ga mace. Shi ne wanda za a buga wa waya da ƙarfe goma na dare idan zuciya ta fara raya wa mutum ya fita, shi ne kuma zai bi da shi matakan nan goma sha biyu. A taƙaice matakan sun ƙunshi mutum ya amsa cewa giya ta fi ƙarfinsa, ya nemi taimakon wanda ya fi shi iko, ya yi wa kansa hisabi ba ƙarya, ya faɗa wa wani amintacce laifukansa, ya nemi afuwar waɗanda ya cuta tare da biyan haƙƙinsu inda hakan ba zai jawo wata ɓarna ba, sannan ya miƙa hannu ga na bayansa. Ba a neman mutum ya yi alkawarin dainawa har abada. Ana neman ya tsallake yau kawai, gobe kuma idan Allah ya kai mu a sake ɗaura niyya. Sannu ba ta hana zuwa.

Shin yana aiki?

An daɗe ana muhawara a kan wannan tsakanin masana. A 2020 cibiyar Cochrane, wadda ta shahara wajen tace binciken likitanci, ta wallafa nazarin da John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri suka yi a kan bincike 27 da suka ƙunshi mutum 10,565. Sun gano cewa shirye-shiryen asibiti da ke haɗa majinyaci da zaurukan AA bisa tsari sun kai sauran hanyoyin jinya inganci, a fannin dainawa ɗungurungum ma sun fi su: kimanin kashi 42 cikin ɗari ba su koma sha ba bayan shekara guda, idan aka kwatanta da kashi 35 na waɗanda aka bi da su ta wasu hanyoyin.

Waɗannan alƙaluma na nuna abu biyu. Zauren na taimakawa ƙwarai, amma fiye da rabin mutane kan yi tuntuɓe a shekarar farko. Don haka wanda ya koma sha bayan wata uku kada ya ɗauka ƙofa ta rufe. A zauren akwai da dama da suka faɗi suka tashi, kuma babu wanda ake kora don ya zame.

Likita tukuna

Akwai gargaɗin da ya wajaba a yi da babbar murya. Mutumin da ya shafe shekaru yana sha mai yawa kullum, haɗari ne ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Cikin sa'o'i 6 zuwa 24 da kurɓar ƙarshe jiki kan fara rawa, da zufa, da tashin zuciya, da rashin barci. Wasu kan yi farfaɗiya cikin kwana biyun farko. Mafi muni shi ne ruɗewar da kan zo a kwana na biyu zuwa na huɗu, inda mutum ke gane-gane da sambatu da zazzaɓi, kuma tana iya kisa idan ba a kai shi asibiti ba. Sau da yawa 'yan'uwa kan ɗauka iska ce ta taɓa shi, a ɓata lokaci wajen neman magani a inda ba shi.

Zauren mashaya ba asibiti ba ne, kuma 'yan zauren da kansu sukan faɗi haka. A asibiti ne ake ba da magungunan da ke kwantar da jiki a kwanakin farko, da sinadarin bitamin B1 da ke kare ƙwaƙwalwa, sannan likita na iya rubuta magungunan da ke rage sha'awar giya, irin su naltrexone. A Abuja akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Aro ta Abeokuta, da Yaba ta Legas. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin mutum ya haukace. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi kare mutunci da sirrin majinyaci.

Ina za a samu zauren?

Zaurukan ido da ido ba su da yawa a Najeriya, mafi yawansu a manyan birane suke, kuma da Turanci ake gudanar da su. Ba sa kafa allo a bakin titi, ba sa talla a rediyo, don haka sai an tambaya. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya tambayi likitan ƙwaƙwalwa ko jami'in walwalar jama'a na asibiti, domin su ne suka fi sanin rukunin da ke zama a yanzu, da rana, da wuri. Wasu cibiyoyin jinya ma na da zaman tsofaffin majinyatansu na mako-mako. Hukumar NDLEA na da layin kira kyauta dare da rana, 0800 1020 3040, inda masu ba da shawara ke sauraron mai kira su kuma nuna masa inda zai dosa.

Hanya ta biyu ita ce intanet. Tun lokacin annobar korona a 2020 dubban zaurukan AA suka koma zama ta Zoom, da yawa kuma ba su daina ba. Kusan kowace sa'a akwai zaman da ke gudana a wani sashe na duniya. Agogon Najeriya daidai yake da na Ingila a lokacin bazararsu, a lokacin sanyinsu kuma da sa'a ɗaya muka riga su, don haka zamansu na yamma ya dace da wanda ya taso daga aiki. Mutum na iya shiga daga cikin motarsa, ya rufe kyamara, ya sa sunan da ya ga dama. Ga mai taimaka wa babban jami'i, wanda yau yana Abuja gobe yana mazaɓa jibi yana ƙasar waje, wannan ce hanyar da ba ta yankewa.

Tsofaffin 'yan zauren kan ba da shawarar kada a yanke hukunci da zama ɗaya. A gwada wurare daban-daban sau biyar ko shida, domin kowane rukuni da irin halinsa. Wasu ma kan shawarci sabon zuwa ya halarci zama 90 cikin kwana 90 na farko, saboda lokacin da a da yake ɓatarwa a lambu ya samu abin da zai cike shi.

Idan kuma babu zaure a kusa, ƙa'idar ƙungiyar ta yarda mutum biyu ko uku da suka haɗu don su daina sha su kira kansu rukuni. Babu abin da ya hana a yi irin wannan zama da Hausa a Suleja ko Mararaba ko Kubwa, in an samu masu niyya da ɗaki mai rufin asiri.

Batun addini

Tambayar da Musulmi da yawa kan fara yi ita ce ko wannan ba wata hanyar sauya wa mutum addini ba ce, musamman da yake a ƙasashe da dama a harabar coci ake ba su aron ɗaki. Gaskiya ne waɗanda suka kafa ƙungiyar sun taso ne cikin al'adar Kirista, kuma a wasu zaurukan akan rufe da addu'a. Amma ƙa'idarta ta ce ba ta jingina da wata ɗariƙa ko addini ko jam'iyya ba, kowa kuma da yadda ya fahimci Mahaliccinsa. Wanda bai so shiga addu'ar ba sai ya yi shiru ko ya yi tasa a zuci.

Ga wanda hankalinsa bai kwanta ba akwai zaɓi. A 1989 wasu Musulmi a birnin Baltimore na Amurka suka kafa Millati Islami, wadda ta daidaita matakan da koyarwar Musulunci. Akwai kuma SMART Recovery, wadda aka kafa a 1994, ita babu batun addini a cikinta, dabarun sarrafa tunani da ɗabi'a take koyarwa. Malaman tafsiri sun bayyana cewa haramcin giya a Musulunci mataki-mataki ya sauka, kuma tuba da neman magani ba sa karo da juna. Limami ko fasto mai hikima zai ƙarfafa wa mutum gwiwa ya haɗa duka biyun.

Sirri da rantsuwar aiki

Sakaya suna shi ne ginshiƙin zauren: wanda ka gani a ciki da abin da ka ji, a nan ake barin su. Idan ka haɗu da abokin aiki a wurin, ka tuna abin da ya kawo ka shi ya kawo shi. Duk da haka wannan amana ce ta 'yan'uwantaka, doka ba ta tilasta ta kamar yadda ta tilasta sirrin likita. Saboda haka ma'aikaci ya yi maganar kansa da shan sa, ya bar sunan maigidansa da sirrin ofis a waje, domin rantsuwar riƙe sirrin gwamnati na nan a wuyansa. Kada kuma ya yi amfani da kwamfutar ofis ko adireshin imel na aiki wajen shiga zama.

A kuma yi hattara da masu fakewa da sunan taimako. Duk wurin da aka ce sai an biya kuɗi mai yawa kafin a zauna, ko aka ce a zubar da maganin da likita ya rubuta, ko ake tallar wani tsimi da zai cire jaraba cikin kwana uku, ko wani ya fara neman rance ko neman mace sabuwar zuwa, to a kama gaba. Ba a manta da samamen da 'yan sanda suka kai unguwar Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 ba, inda aka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan da ake kira na gyaran tarbiyya, wasunsu da mari a ƙafa. Sarƙa na iya raba mutum da kwalba na ɗan lokaci, amma ranar da aka kwance shi yana nan da ciwonsa, ga kuma sabon tabo.

Rawar iyali da shugaban ofis

Matar da ta gaji da ɓoye kwalabe da ƙirƙirar uzuri ga dangi ita ma tana buƙatar inda za ta sauke nauyin zuciyarta, kuma dalilin kafa Al-Anon ke nan. Abin da ake koya a can shi ne ba ita ta jawo ciwon ba, ba kuma za ta iya warkar da shi da faɗa ko kuka ba, amma za ta iya daina rufa wa shan asiri ta fara tallafa wa neman magani.

Shugaban sashe kuma da ya lura ma'aikacinsa na zuwa da warin giya yana da zaɓi fiye da biyu, wato kau da kai ko rubuta takardar tuhuma. Yana iya kiran sa gefe, ya faɗa masa abin da ya gani a aikinsa ba tare da cin fuska ba, ya nuna masa hanyar asibiti, ya kuma sauƙaƙa masa samun hutun jinya bisa takardar likita. Gwamnati ta kashe kuɗi da shekaru wajen horar da wannan ma'aikaci, kuma a bayansa akwai bakuna da yawa da ke jiran albashinsa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gobe ma da ƙarfe huɗu hanyar Mararaba za ta cushe, kuma sa'ar nan guda da ake jira kafin ta buɗe daidai take da tsawon zama ɗaya a zauren.